Jaka Mai Laushi Ko Akwati Mai Tauri: Zaɓen Ma'ajiyar Layin Jagorar Zarto da Kayan Haɗinsa

Layin jagorar zarto, wato dogon fallen alminiyam ɗin nan da ake shimfiɗawa a kan katako domin zarton lantarki ya zame a kansa ya yanka a miƙe, ya fi kusa da kayan awo fiye da kayan yanka. Duk darajarsa tana cikin miƙewarsa. Kamfanin Festo na Jamus, wanda sashen kayan aikinsa ya koma amfani da sunan Festool a shekarar 2000, ya fito da irin wannan layi tun 1962, kuma a yau Makita da DeWalt da Bosch da Mafell da wasu kamfanoni da dama kowa yana da nasa. Abin da ya haɗa su duka shi ne cewa an yi su da alminiyam, ƙarfen da ba shi da nauyi amma yana da laushi, kuma tsawonsu ya sa ba sa shiga akwatin kayan aiki na yau da kullum. Daga nan ne batun jaka ya taso. Kafintan da ke aiki a shagonsa kaɗai yana iya rataye layinsa a bango ya manta da zancen, amma wanda ke zuwa gidajen mutane kafa kabad ko ƙofa ko kayan kicin dole ne ya yanke shawarar abin da zai ɗauki layin a ciki.

Kafin a kwatanta jakunkuna, ya kamata a fahimci irin ɓarnar da ake gudu, domin ba iri ɗaya ba ce, kuma babu jakar da ke maganinta duka. Ta farko ita ce lanƙwasa, wadda ke faruwa idan an ɗora nauyi a kan layin alhali tsakiyarsa ba ta zauna a kan komai ba, ko kuma idan ƙofar mota ta matse shi. Ta biyu ita ce lotsawa, musamman a bakuna biyu na ƙarshe da kuma kan tudun da gindin zarto ke kamawa yana zamewa. Lotsawa a bakin ƙarshe ta fi muni ga wanda ke haɗa layi biyu su zama ɗaya, saboda zarton zai riƙa yin tuntuɓe a daidai mahaɗar, ya bar tabo a gefen katakon. Ta uku ita ce lalacewar robobin da aka manna da gam: siririyar robar da ke gefen yanka, wadda ke danne zaren katako don kada ya tsattsage kuma take nuna ainihin inda haƙoran zarto za su bi, da kuma soson da ke ƙasan layin mai hana shi zamewa. Robar gefen ita ce ta fi saurin ɓaci. Da zarar ta fara ɗagowa daga baki, duk lokacin da aka tura layin cikin wuri mai matsi sai ta ƙara ɓarewa, kuma daga ranar ba za a ƙara amincewa da ita wajen daidaita layi a kan alamar fensir ba.

Akwai dalilin da ya sa ƙaramar lanƙwasa ba ƙaramar magana ba ce. Idan layi ya karkace da milimita 1 a tsakiyarsa, aka yanka falankai biyu da shi, sannan aka haɗa gefunan biyu da aka yanka fuska da fuska, ratar da za ta bayyana milimita 2 ce, domin kuskuren kowane gefe yana ƙaruwa a kan na ɗan'uwansa. A aikin rufi wannan ba zai dami kowa ba, amma a ƙofar kabad ko saman tebur ido yana kama shi nan take. Layin da ya lanƙwashe kuwa da wuya a miƙar da shi ya koma daidai yadda ya fito daga masana'anta.

Jaka mai laushi, komai kaurin sosonta, tana maganin lotsawa da ƙujewa da ɓarewar roba ne kawai. Ba ta hana lanƙwasa. Wannan ita ce gaskiyar da ya kamata mai saye ya riƙe tun daga farko, domin a kanta sauran zaɓin ya dogara.

Mataki na farko shi ne awo, kuma a nan mutane da yawa suke yin kuskure saboda suna ɗauka cewa layukan kamfanoni duka tsawonsu ɗaya ne. Festool yana da na milimita 800 da 1080 da 1400 da 1900 da 2400 da 2700 da 3000, har da na 5000. Makita yana da na mita 1 da na milimita 1400 da 1500 da 1900 da 3000. DeWalt yana da na mita 1.5 da na mita 2.6. Bosch da Mafell, waɗanda layukansu ke shiga juna, suna da na 800 da 1100 da 1600 da 2100 da 3100. A ƙasashen da ake awo da inci, kamar Amurka, layin 1400 shi ake kira na inci 55, na 1500 kuma na inci 59. Bambancin santimita 10 tsakanin 1400 da 1500 ba ya da yawa a ido, amma ya isa ya hana zif rufewa, kuma jakar da aka ɗinka wa layin 1400 ba za ta karɓi na 1500 ko na 1600 ba ko da an tursasa ta. Akasin haka ma yana da nasa aibin, duk da cewa ya fi sauƙi: idan jakar ta fi layin tsawo sosai, layin zai riƙa kai da komowa a ciki duk lokacin da mota ta taka birki, bakinsa yana dukan ƙarshen jakar har ya huda ta. Rarar santimita 2 zuwa 5 ta wadatar.

Faɗi ma abin dubawa ne. Layukan Festool da Makita suna da faɗin da ya haura santimita 18 kaɗan, na Bosch da Mafell kuma sun fi su siranta, saboda haka jakar da aka yi wa tsarin Bosch tana iya yi wa layin Makita matsi ko da tsawon ya isa. Layin DeWalt yana da robar yanka a gefuna biyu, wato babu gefen da za a iya cewa ba shi da haɗari a jingina shi a kansa, kuma wannan ya sa mai irinsa ya fi kowa bukatar jakar da ke da soso a kowane gefe. Abin da ya fi dacewa shi ne mutum ya ɗauki tef ya auna nasa layin, tsawo da faɗi, sannan ya nemi awon cikin jakar, domin awon da ake rubutawa a jikin kwali sau da yawa na waje ne, ko kuma tsawon layin da kamfanin ya yi niyya.

Tambayar da ke biye da awo ita ce layi nawa za a ɗauka, kuma amsarta tana fitowa ne daga girman falankin da ake yankawa. Fallen fulawud na yau da kullum yana da tsawon milimita 2440 da faɗin 1220. Layin 1400 ya isa a yanka shi ta faɗi, har da ɗan rarar da zarto ke bukata don shiga da fita. Yanka shi ta tsawo kuwa yana bukatar layin 2700 ko 3000, ko kuma a haɗa biyu na 1400 su ba da 2800. Mafi yawan masu yawo da kayan aiki hanya ta biyu suke bi, saboda layi biyu gajeru suna shiga ƙaramar mota, dogo guda kuwa sai babbar mota ko kariya, wato sandunan ɗora kaya a saman rufin mota. Don haka jakar da aka fi bukata ita ce mai ɗaukar layi biyu tare da ƙarafan haɗa su. Ko da mutum layi ɗaya yake da shi a yau, hikima ce ya sayi mai gurbi biyu, domin kusan duk wanda ya saba da wannan tsarin yanka yakan ƙara layi na biyu.

Zaɓi na farko da ke zuwa zuciya shi ne jakar da kamfanin layin ya yi da kansa. Festool da Makita da Bosch duka suna sayar da nasu. Fa'idarta a bayyane take: an ɗinka ta daidai da layin, ba sai an yi ta lissafi ba, kuma aljihunta an yi shi ne da girman ƙarafan haɗi da na matsewa, wato masu matse layi a jikin katako, na wannan kamfanin. Sai dai sunan kamfani a jikin jaka ba shi ke nuna kaurin soson da ke cikinta ba. Wasu jakunkunan kamfanoni kyalle ne mai ƙarfi da ɗan siririn soso, an yi su ne domin sauƙin ɗauka da kare layi daga ƙujewa, ba domin jure bugu mai tsanani ba. Akwai kuma takurar da ke zuwa da su, wato wanda ya fara da layin 1400 na wani kamfani sannan ya ƙara na 1500 na wani, abin da yake faruwa sosai tunda layukan Festool da Makita kusan tsarinsu ɗaya ne, zai tarar jakarsa ta farko ba ta ɗaukar sabon.

Zaɓi na biyu shi ne jakar da wasu masana'antu masu zaman kansu suke yi domin ta dace da layukan kamfanoni daban-daban. A nan ne ake samun mafi kyau da kuma mafi muni. Masu kyau daga cikinsu sun fi na kamfanonin kaurin soso da yawan aljihu, kuma yawanci ana yin su da tsawon da zai karɓi 1400 da 1500 gaba ɗaya. Marasa kyau kuwa a hoto ba a bambanta su da masu kyau, sai an riƙe su a hannu. Saboda haka wanda zai bi wannan hanya ya kamata ya san abubuwa huɗu ko biyar da ke raba jaka ta gaske da ta kallo, kuma su ne dai abubuwan da zai auna jakar kamfani da su.

Na farko kyalle. Za a ga an rubuta lamba kamar 600D ko 1000D ko 1680D. Harafin D ɗin yana nufin diniya, ma'aunin kaurin zare, wato nauyin zare mai tsawon mita 9000 a giram. Idan lambar ta ƙaru, zaren ya fi kauri, amma lambar kaɗai ba ta bayyana komai da komai, domin irin zaren da yadda aka saƙa shi su ma suna da tasiri. Foliyesta mai 600D shi ne aka fi amfani da shi a jakunkunan kayan aiki masu matsakaicin inganci, kuma ya wadatar ga wanda ke ɗaukar layinsa lokaci-lokaci. Nailan mai 1000D, irin wanda ake sayarwa da sunan Cordura, da kuma mai 1680D sun fi jure gogayya, abin da ke da muhimmanci ga jakar da kullum ake jan ta a ƙasan mota ko a kan siminti. A ɗaya ɓangaren, foliyesta ya fi nailan jure hasken rana kuma ba ya shan ruwa kamarsa. Yawanci ana shafe cikin kyallen da wani sinadarin roba domin hana ruwa shiga, kuma wannan yana da kyau ga yayyafi, amma ya kamata a tuna cewa abin da ke hana ruwa shiga yana hana laima fita. Alminiyam ba ya tsatsa, amma ƙarafan matsewa da sukurorin ƙarafan haɗi suna yi, don haka jakar da aka rufe da kaya masu danshi a ciki tana bukatar a buɗe ta ta sha iska da an isa gida.

Na biyu soso, kuma a nan inda aka sa shi ya fi yawansa muhimmanci. Masu ɗinki sukan cika fuskoki biyu masu faɗi da soso domin a nan hannun mai saye ke fara taɓawa, alhali fuskar layi ba ita ce ke shan bugu ba. Bugu yana zuwa ne a bakuna biyu, lokacin da aka dire jakar a tsaye a ƙasa ko aka buga ta da matakala ko bakin ƙofa, da kuma a dogon gefen ƙasa inda nauyin layin yake sauka idan an riƙe ta a hannu. Jakar kirki tana da ƙarin kariya a waɗannan wurare, ko soso mai tauri ko ninkin kyalle ko ɗan faifan roba. Irin soson ma abin lura ne. Wanda ake matsawa da yatsu biyu ya lafe har yatsun su haɗu, irin na katifa, ba ya tare bugu kuma yana riƙe ruwa. Wanda ake so shi ne mai rufaffun ƙananan ƙofofin iska a jikinsa, mai tauri, wanda ke turo yatsa baya idan an danna shi.

Na uku shi ne shamakin da ke tsakanin layukan biyu. Jaka mai ɗaukar layi biyu ba tare da shamaki ba tana barin alminiyam yana gogar alminiyam, kuma garin katako da yashin da suka maƙale a jiki su zama kamar sanfefa a tsakani. Shamakin kyalle zalla ya fi babu, amma mai soso ya fi, kuma dole ne a duba ko ya kai har ƙarshen jakar, domin wasu suna tsayawa a rabin hanya su bar bakunan suna haɗuwa. Madaurai na ciki da ke ɗaure kowane layi a wurinsa ƙari ne mai amfani, musamman idan jakar ta ɗan fi layin tsawo.

Na huɗu zif da yadda jakar ke buɗewa, kuma a ganina wannan ne abin da aka fi rainawa alhali shi ne mai yanke hukunci a kan rayuwar robar yanka. Akwai jakar da ke buɗewa ta baki ɗaya kawai, a zura layin ciki kamar takobi cikin kube. Irin wannan tana da sauƙin ɗinki, zif ɗinta gajere ne don haka ba ya saurin lalacewa, amma kowace shiga da fita robar gefen tana gogar kyalle tsawon mita ɗaya da rabi, kuma idan bakinta ya riga ya fara ɗagowa, jakar ce za ta ƙarasa ɓare ta. Tana kuma bukatar fili mai ninkin tsawon layin kafin a iya zaro shi, abin da ba kullum ake samu a ɗakin da ake aiki ba. Wadda ke buɗewa ta dogon gefe gaba ɗaya tana ba da damar a ɗaga layin a ajiye shi ba tare da gogayya ba, kuma ana iya kakkaɓe cikinta cikin sauƙi. Rauninta shi ne dogon zif, wanda garin katako ke shiga haƙoransa. Saboda haka a duba lambar zif ɗin, wadda ke nuna kimanin faɗin haƙoransa a milimita idan ya rufe: mai lamba 5 ya yi ƙanƙanta ga irin wannan aiki, mai 8 ko 10 shi ne daidai. Sunan YKK, sanannen kamfanin yin zif, a jikin majanyin alama ce mai kyau. A kuma tabbatar akwai leɓen kyalle a ciki da ke raba haƙoran zif da gefen layin.

Batun mariƙi ba ya bukatar dogon bayani. Layi mai tsawon mita ɗaya da rabi ko ƙasa da haka kaɗan yakan kai kimanin kilo 2 zuwa 3, don haka jaka mai layi biyu da kayan haɗi ba ta da nauyin da zai gagari hannu ɗaya. Matsalarta ita ce tsawo. Mariƙin ya zama a daidai tsakiya, igiyarsa ta zagaye jikin jakar maimakon a ɗinka ta a leɓen sama kawai, kuma a samu igiyar rataya a kafaɗa, domin ɗaya hannun yana ɗauke da akwatin zarto.

Sai kayan haɗi, inda a ra'ayina mafi yawan ɓarnar take fitowa. Mai talla yana alfahari da yawan aljihu, mai saye kuma yana jin daɗin cewa komai zai taru a wuri ɗaya: ƙarafan haɗa layi, ƙarafan matse layi a jikin katako, sukwayar da ake maƙalawa a layi don yanka kusurwa mai digiri 90, sandunan maimaita awo masu sa a yanka falankai da faɗi ɗaya, alanki na ɗaure sukurori, da ragowar robar yanka. Amma yawancin waɗannan baƙin ƙarfe ne, wanda ya fi alminiyam tauri nesa ba kusa ba, kuma ya ninka shi nauyi kusan sau uku idan girmansu ɗaya. Idan aljihun yana kwance a kan fuskar layin kuma kyalle ɗaya ne ya raba su, to duk lokacin da aka jingina wani abu a jikin jakar, kan ƙarfen matsewa ne zai nutse cikin alminiyam ɗin. Jakar da aka saya don kariya sai ta zama ita ce ta tara layin da abin da zai ji masa ciwo. Nauyin aljihun kuma yana karkatar da jakar idan ba a tsakiya yake ba, ɗaya bakin ya riƙa jan ƙasa.

Mafita ita ce a raba kayan gida biyu. Ƙarafan haɗi, ko sanduna ne irin na Festool da Makita ko faranti guda irin na Bosch da Mafell, shimfiɗaɗɗu ne, ba su da tsini, kuma ba su da amfani sai tare da layin, don haka wurinsu yana cikin jakar, a siririn aljihu mai zif tare da alanki ko sukudirebar da ake ɗaure su da ita. Wasu kafintoci suna barin sandunan a cikin ramin layin su ɗaure sukurorin, kuma hakan yana aiki muddin ba a matse da ƙarfin da zai lotsa ramin ba kuma sandar ba ta leƙo waje ba. Ƙarafan matsewa guda biyu za su iya zama a aljihun waje idan akwai soso mai tauri a bayansa. Sukwaya da sandunan maimaita awo kuwa kayan awo ne masu bukatar tasu kariyar, kuma sun fi dacewa da akwati mai tauri, irin akwatunan da ke hawa kan juna su kulle kamar Systainer ko Makpac ko L-Boxx, inda zarton kansa yake zama. Da wannan rabo, jaka mai aljihu ɗaya ko biyu masu kyau ta fi mai aljihu shida marasa soso.

Zaɓi na uku, wanda ya dace da sana'ar mai shi, shi ne kafinta ya ƙera akwatin fulawud da hannunsa. Wannan kaɗai ne ke maganin lanƙwasa, domin ana iya ɗora falankai ko buhunan kaya a kansa layin bai sani ba. Ana iya yanka masa ramuka a ciki ta yadda kowane layi zai zauna a nasa gurbin robar yanka ba ta taɓa komai ba, a kuma ware ɗaki na daban a gefe don ƙarafa, da bangon katako a tsakani. Abin da ake biya shi ne nauyi da girma. Akwatin da aka yi da fulawud mai kaurin milimita 12 yakan yi nauyin layukan biyu da ke cikinsa ko ma ya fi, kuma hawa bene da shi ta matsattsiyar matakala aiki ne, ga haɗarin kusurwarsa ta ƙuje fentin bangon mai gida, abin da jaka mai laushi ba ta yi. Ana iya rage nauyin ta hanyar yin fuskokin da fulawud na milimita 6 a kan firam na katako. Ya fi dacewa da wanda motarsa ke cike da kaya iri-iri, ko wanda ke ba wasu kayansa su yi masa lodi, ko mai aika kaya ta motar haya inda ba shi da iko a kan abin da za a jibga a sama.

Akwai wasu dabaru na wucin gadi da ba sa bukatar a daɗe a kansu. Kwalin da layin ya zo a ciki yana aiki na ɗan lokaci idan an ƙarfafa bakunansa da salatif, amma ruwa ɗaya ya isa ya gama da shi. Bututun roba na ruwa yana da tauri, sai dai layi mai faɗin santimita 18 yana bukatar bututu mai faɗin milimita 200 ko fiye, wanda ya yi girma da nauyi, kuma a cikin da'ira gefunan layin ne suke ɗaukar nauyinsa, wato daidai inda robar take. Ba wa mai ɗinkin tamfol ko jakunkuna awo ya ɗinka ta musamman hanya ce mai kyau fiye da waɗannan biyun, musamman ga mai layuka masu tsawo daban-daban, muddin an bayyana masa inda soso mai tauri zai zauna, aka kuma zaɓi zif ɗin da kai.

Dogayen layuka, daga 2700 zuwa sama, hukuncinsu daban ne. Ana samun jakunkunansu, amma a wannan tsawo jaka mai laushi tana lanƙwashewa tare da layin, kuma haɗarin da ya fi girma shi ne yadda aka ɗaure shi a mota. Layi yana da ƙarfi idan an tsayar da shi a kan gefensa, yana da rauni idan an kwantar da shi a kan fuskarsa tsakanin sanduna biyu masu nisa. Wanda zai ɗora shi a kariyar saman mota ya shimfiɗa miƙaƙƙen katako a ƙarƙashinsa tsawonsa duka, ya kuma ɗaure a daidai inda sandunan suke ba tare da ya ja igiyar har ta danne alminiyam ɗin ba. Ga irin wannan layi, siririn akwatin katako da ke zaune dindindin a cikin mota ko a kan rufinta ya fi kowace jaka.

Zafi ma yana da nasa tasirin, ko da wace ma'ajiya aka zaɓa. Gam ɗin da ke riƙe robar yanka yana yin laushi idan ya sha zafi, kuma cikin rufaffiyar mota da rana yana zafi fiye da waje ƙwarai, balle a cikin baƙar jaka. Idan a wannan hali wani abu yana danne robar ta gefe, sai ta gusa daga wurinta ta daskare a karkace. Don haka jaka abin tafiya ce. Da an dawo shago ya fi kyau a fito da layin a rataye shi ta hujin da ke bakinsa, wanda layuka da yawa suke da shi, ko a ɗora shi a kan maratayin bango da ke tallafe shi a wurare da dama.

Idan aka haɗa waɗannan duka, hukuncina ya rabu ne bisa yadda layin ke tafiya. Wanda ke fita aiki lokaci-lokaci da layi ɗaya ko biyu na kamfani guda, yana kuma loda motarsa da kansa, jakar kamfanin ta ishe shi, kuma ba shi da dalilin wahalar da kansa. Wanda ke fita kusan kullum, ko yake da layukan kamfanoni biyu, ya nemi jaka mai kyallen 1000D ko fiye, mai buɗewa ta dogon gefe, mai shamaki da soso a bakuna, ya bar sukwaya da sauran kayan awo a akwatin zarto; wannan shi ne zaɓin da na fi ba wa mafi yawan masu kafa kabad da kicin shawara a kansa. Wanda kayansa ke shiga ƙarƙashin na wasu, ko yake da layin mita 3, ya ƙera akwati ya haƙura da nauyinsa.

Duk wanda ya samu damar riƙe jakar kafin ya biya, ya je da layinsa. Ya saka shi, ya rufe zif ya ga ko yana jan robar, ya ɗaga ta mariƙi ya ga ko ɗaya bakin na sunkuyawa, sannan ya saka ƙarfen matsewa a aljihu ya danna tafin hannunsa a kai, ɗaya hannun kuma yana cikin jakar a gurbin layin. Idan hannun da ke ciki ya ji tsinin ƙarfen, wannan aljihun na robar yanka da fensir ne kawai, ƙarafan sai a nema musu wani wurin.